Yadda Na Koma Karatu Bayan Shekara Tara a Ɗakin Aure

Na bar makaranta a shekarar 2012 ina aji biyar na sakandare, saura 'yan makonni mu zauna jarrabawar kwalifayin, wadda a nan Kano ake tace ɗaliban da gwamnatin jiha za ta biya wa kuɗin jarrabawar kammala sakandare da ita. Aure ne ya fitar da ni, kuma kamar yadda ake yi wa mata da yawa, an yi alkawari a gaban iyaye cewa zan ƙarasa karatuna a ɗakina. Babu wanda ya yi niyyar saɓa alkawarin, amma ciki ya zo, goyo ya biyo baya, wani cikin ya sake zuwa, har maganar ta bi ruwa ba tare da kowa ya ce ya soke ta ba. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan bayani shi ne, tun da na sami gurbin karatu a kwalejin koyon aikin lafiya, da wuya in je biki ko suna ban haɗu da macen da za ta ja ni gefe ta tambaye ni ta ina ake farawa ba. Ni ban sami wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini ba, shi ya sa na yi asarar wata bakwai a ajin da ba nawa ba, na kuma kashe kuɗi a wuraren da bai kamata in kashe ba.

Tunanin komawa ya zo mini ne a ƙarshen 2020, ranar da na kai ɗana na uku rigakafi asibitin unguwarmu. Ma'aikaciyar da ta karɓi katin yaron ta ɗago kai ta kira ni da sunan da ake kirana a makaranta, na duba da kyau na gane ƙanwar ajinmu ce, wadda a da nake koya wa lissafi a ɗakin kwana. Ta girmama ni ƙwarai, ta riƙa cewa Yaya kaza, Yaya kaza, amma na koma gida zuciyata a cunkushe. Bayan sallar isha'i na sami maigidana na ce, "Malam, ina son in tuna maka alkawarin da aka yi a gaban Baba." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce bai manta ba, abin da yake tsoro shi ne wanda zai riƙe yara da kuma kuɗin mota. Washegari muka je wurin mahaifiyarsa tare. Hajiya ta saurare mu har ƙarshe, ta ce, "'Yar nan, in dai karatu za ki yi ba yawo ba, ki kawo mini su kullum bayan azahar, ki dawo ki ɗauke su kafin magariba." Wannan magana tata ita ce takardar izinina ta farko, kuma da ba ta furta ta ba da babu ofishin da zan iya zuwa.

A watan Janairun 2021 na nufi tsohuwar makarantarmu, domin a tunanina inda na tsaya nan zan ɗora. Sau uku na je kafin in ga shugabar makarantar: ranar farko ta tafi taro, rana ta biyu na zauna a benci tun ƙarfe tara har aka tashi ba a kira ni ba, sai a ta uku na samu shiga. Ta karɓe ni da mutunci, amma ta bayyana mini cewa ba za su iya mayar da ni aji biyar ko aji shida ba. Dalilin shi ne duk ɗalibin da zai rubuta jarrabawar ƙarshe da sunan makaranta, sai an tura wa hukumar jarrabawa makin gwaje-gwajensa na shekarun babbar sakandare, ni kuwa nawa ya yanke tun shekara tara da suka wuce, rajistar ajinmu ma an neme ta a ɗakin ajiya ba a same ta ba. Abin da na samo daga wurin shi ne takardar sakamakon jarrabawata ta aji uku da wata wasiƙa mai hatimi da ke shaida cewa na taɓa zama ɗalibarsu har zuwa aji biyar. Ina fitowa idona cike da ƙwalla, dattijon da ke gadin ƙofa, wanda ya san ni tun ina yarinya, ya tambaye ni abin da ya faru. Da na faɗa masa sai ya ce, "Haba 'yata, ai irinku makarantar matan aure suke zuwa, ta hukumar yaƙi da jahilci. Gemu ba ya hana ilimi, balle ke da ko talatin ba ki kai ba."

Gaskiya sunan ya tsaya mini a rai. Yaƙi da jahilci a kunnen Bahaushe, tun gangamin da aka yi a Jihar Arewa a shekarun 1950, yana nufin tsofaffi masu koyon a, ba, ca, ni kuwa ina ganin na wuce nan. Wannan kunyar ta sa na ƙara ɓata makonni uku a gida, kuma na san mata da dama da ita kaɗai ta hana su zuwa har yau. Abin da ban sani ba shi ne Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 1980 zamanin Gwamna Abubakar Rimi, aikinta bai tsaya ga koyar da baƙaƙe ba, haka ma takwarorinta na sauran jihohi da hukumar ƙasa da aka kafa a 1990 domin kula da wannan fanni. Karatun hawa-hawa ne. Akwai matakin farko na koyon karatu da rubutu da ƙidaya, akwai na biyu wanda yake daidai da manyan azuzuwan firamare, sannan akwai matakin ci gaba da karatu, wanda ke bin manhajar ƙaramar sakandare da babbar sakandare. Wannan na ukun shi aka tanada domin irina, waɗanda suka fara suka yanke.

Ranar da na je cibiyar matan da ta fi kusa da mu, na tafi da ambulan ɗauke da takardar kammala firamare, da sakamakon aji uku, da wasiƙar tsohuwar makarantata, da hotunan fasfo guda huɗu. Malamar da ke rajista ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta ba ni fom na cike a gabanta, na biya ɗan kuɗin fom da na katin shaida, wanda bai kai kuɗin cefanen kwana biyu ba, ta ba ni rasit. Sai ta ce in dawo ranar Litinin a yi mini gwaji. Na ce mata ai ga wasiƙa ta nuna na kai aji biyar. Ta yi murmushi ta ce, "Maman yara, wasiƙa ta nuna inda kika tsaya, gwaji ne zai nuna abin da ya rage a kanki." Gwajin na Turanci ne da Lissafi, awa ɗaya da rabi. Na karanta labarin Turancin na gane shi, amma da aka ce in rubuta wasiƙa sai hannuna ya riƙa rawa, a Lissafi kuwa na tarar ko raba lamba mai ɗigo na manta. Aka sa ni a ajin da yake daidai da aji huɗu. Na yi kuka a adaidaita sahu a hanyar komawa, ina ganin an mayar da ni baya, amma kafin wata biyu na gane cewa da an biye mini an sa ni inda na nema, da na gudu tun a zangon farko.

Muna shiga aji ƙarfe biyu na rana mu tashi biyar da rabi, Litinin zuwa Alhamis, ranar Asabar kuma da safe akwai ɗinki da saƙa da haɗa sabulu ga mai so. Mu talatin da wani abu ne a ajin: akwai amaryar da ba ta cika shekara ashirin ba, akwai zawarawa, akwai wata baiwar Allah mai jikoki wadda duk muke kira Inna, wadda ta ce ta gaji da kai wa yara wayarta su karanta mata saƙon banki. Ba a karɓar kuɗin koyarwa, amma kada wannan ya ruɗi kowa ya ɗauka karatun ba ya cin kuɗi. Kuɗin mota na zuwa da dawowa kwana huɗu a mako shi ne ya fi cin aljihu, sai littattafai, da hijabin makaranta, da kuɗin buga takardun gwaji. Ni da kuɗin ƙosai da kunun da nake sayarwa da safe na riƙe kaina, maigidana kuma ya ɗauki kuɗin mota.

A nan na tafka kuskuren da ya fi kowanne tsada. Da aka zo raba mu tsakanin ajin kimiyya da ajin adabi, na bi ƙawayen da na saba da su zuwa ajin adabi, domin an ce ya fi sauƙi, kuma a zatona sakamako sakamako ne, duk wanda ka riƙe za ka shiga makarantar da kake so. Wata bakwai ina karanta Gwamnati da Adabin Hausa da Tarihi, ina cin gwaji da maki mai kyau, har ranar da malamar Turancinmu ta sa kowa ta rubuta abin da take son zama. Da ta karanta nawa ta ga na rubuta ma'aikaciyar lafiya, sai ta kira ni ofis ta ce, "Wa ya sa ki a wannan ajin?" Ta zaro takardar sharuɗɗan shiga kwalejin aikin lafiya ta ajiye a gabana: kiredit biyar, a Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, a zama ɗaya ko biyu. Ko da na ci A1 a duk darussan da nake yi, babu mai karɓata a can. A watan Satumban 2021 na koma ajin kimiyya, inda muka kasance mu tara kacal, na fara Kemistiri da Fiziks daga tushe alhali sauran sun yi nisa.

A wannan zaman ne kuma malamar ta warware mini wani ruɗanin da na tabbata yana kan mutane da yawa. Takardar da cibiya ke bayarwa shaida ce cewa an halarci karatu, tana da amfaninta, amma ba ita manyan makarantu ke nema ba. Abin da suke nema shi ne sakamakon ɗaya daga cikin hukumomin jarrabawa: WAEC ta Afirka ta Yamma, ko NECO wadda aka kafa a 1999 mai hedikwata a Minna, ko NABTEB da ke Benin, wadda ta fi karkata ga fannin sana'a da kasuwanci. Kowacce tana da jarrabawar 'yan makaranta a tsakiyar shekara, tana kuma da ta masu zaman kansu, wadda mutane ke kira jisi'i, kuma ita wannan ba ta tambayar makin aji, ba ta tambayar wace makaranta ka yi. NECO tana yin tata a watannin Nuwamba da Disamba, WAEC kuwa tun 2018 sau biyu take yi, ɗaya a farkon shekara, ɗaya a ƙarshenta. Darajar sakamakon ɗaya ce da ta 'yan makaranta. Makin da ake lissafawa kiredit shi ne daga A1 zuwa C6. D7 da E8 an tsallake amma ba kiredit ba ne, F9 kuwa faɗuwa ce. Muka yanke shawarar in zauna ta NECO a ƙarshen 2022.

Da lokacin rajista ya matso, malama ta ce kowa ta kawo takardar lambarta ta ɗan ƙasa, wato NIN, a gwada da sauran takardunta. A nan wata matsalar ta ɓullo, kuma ni na jawo ta da hannuna. Lokacin da aka matsa a haɗa layin waya da lambar, na je na yi rajista da sunana haɗe da sunan mijina, alhali takardar firamare da ta aji uku duk sunan mahaifina ke jiki. A takarda na zama mutum biyu. Malama ta ce in zaɓi ɗaya in tsaya a kansa har abada, ta kuma ba ni shawarar in riƙe sunan mahaifi, tunda shi ne a tsofaffin takardun da ba za su gyaru ba, kuma shi al'adarmu da addininmu suka sani. Gyaran ya ci mini mako shida. Na fara da kotu, inda aka buga mini takardar rantsuwa cewa sunayen biyu duk ni ce, na sa hannu a gaban jami'in rantsarwa aka buga hatimi. Wannan a yini ɗaya aka gama. Daga nan na kai takardar wurin wakilin wata jarida aka buga sanarwar canjin suna, na jira kwana huɗu ta fito, na sayi kwafi biyu na adana shafin gaba ɗayansa, domin ana son a ga sunan jaridar da kwanan wata, ba 'yar gutsuren da aka yanke ba. Sannan na biya kuɗin gyara ta banki na kai rasit ofishin rajistar. Jama'a sun yi yawa a lokacin, don haka na koyi fita bayan sallar asuba in rubuta sunana a takardar layi. Aka ɗauki bayanaina a zuwa na biyu, gyaran kuma ya bayyana bayan kusan wata guda. Da na bari sai ana gobe rufe rajistar jarrabawa na gano wannan, da shekarar ta wuce ni.

Kuɗin rajista da adashi na tara shi. Mu goma a cibiyarmu muka riƙa zubi duk mako tun watan Maris, aka tsara kwasar ta faɗo daidai lokacin da ake buɗe rajista. Kuɗin hukuma daban ne, ladan mai shagon intanet daban, kuma idan aka makara akwai tarar da ake ɗorawa, saboda haka a tambayi farashin shekarar da ake ciki tun da wuri, domin yana canjawa. Ranar da na je shagon, kwana uku da bikin ƙanwata, yatsuna sun sha jan lalle har sun yi baƙi. Na ɗora yatsa a kan na'urar ɗaukar zanen yatsu ya fi sau goma ta ƙi karɓa. Yaron shagon ya ce, "Hajiya, sai dai ki je lallen nan ya kwanta ki dawo." Kwana goma sha biyu na yi ina wanki da wanke-wanke ina duban yatsuna kafin ta karɓa. Daga baya na ji hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, ita ma tana gargaɗin masu jarrabawarta a kan lalle, don haka duk mai shirin rajista ko shiga ɗakin jarrabawa ta haƙura da shi, ko bikin wa ake yi. Kafin yaron ya tura bayanan na sa ya juyo mini da fuskar kwamfutar na karanta harafi bayan harafi, sai kuwa na tarar ya sa mini Kimiyyar Noma a gurbin Fiziks. Ya gyara, ya buga mini katin jarrabawa mai hotona da lambata da sunan cibiyar da zan zauna.

A shagon nan ne wani mutum ya biyo ni waje ya ce idan zan ƙara kuɗi, akwai cibiyar da za a kai sunana a wani ƙauye, inda ake rubuta amsa a allo, kiredit tara ba fashi. Ba zan ɓoye ba, maganar ta kwana a raina, domin na san raunina a Fiziks. Abin da ya tsayar da ni abu biyu ne. Na farko, hukumomin jarrabawa suna riƙe sakamakon cibiya sukutum ko su soke shi idan suka gano satar amsa, kuɗin mutum da shekararsa su tafi a banza. Na biyu, aikin da nake nema na allura ne da awon magani a jikin 'ya'yan mutane, kuma ban ga yadda zan tsaya a gaban uwa da lissafin da wani ya rubuta mini a allo ba.

Jarrabawar ta ɗauki makonni, ba kullum ba, sai ranar da darasinka ya faɗo a jadawali. An tura ni wata makaranta a can wani gefen gari, mota biyu nake hawa, shi ya sa na je na gano wurin tun ana saura kwana biyu. Ana duba kati a ƙofa, a duba fuska, a caje mutum, ba a shiga da waya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yawan manya a ɗakin: ga magidanta da furfura, ga ma'aikata da suka zo gyara Turanci ko Lissafi saboda ƙarin girma. A darussan kimiyya ba a shiga ɗakin gwaje-gwaje kamar 'yan makaranta. A takarda ake kawo zanen kayan aiki da alƙaluman awo a ce ka karanta, ka cike jadawali, ka zana girafi, ka fitar da amsa. Ban taɓa gwada irin waɗannan tambayoyi ba sai a ranar, kuma na san tun kafin in fito cewa ban yi abin kirki ba. Sakamako ya fito a farkon 2023. Na sayi lambar dubawa, ɗan maƙwabtanmu ya buɗe mini a wayarsa: Turanci C6, Bayoloji C5, Hausa da Addinin Musulunci da darasin zama ɗan ƙasa duk kiredit, amma Lissafi D7, Kemistiri E8, Fiziks F9. Kiredit biyar ne a ƙidaya, amma biyu ne kawai daga cikin biyar ɗin da nake buƙata.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi tsanani. Lokacin ne aka yi ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin fasalin naira, cinikin ƙosai ya tsaya domin babu mai tsabar kuɗi a hannu, sannan a ƙarshen watan Mayu aka cire tallafin man fetur, kuɗin adaidaita sahu ya ninka. Na daina zuwa cibiya, na ce wa kaina na gwada Allah bai yi ba. Mako na biyar da ɗaukewar ƙafata, ina tsakar gida ina tankaɗe sai na ji sallama, ashe malamar Turancinmu ce ta bi adireshin da na rubuta a fom ta zo har gida. Ta gaida Hajiya, ta nemi a kira maigidana, ta shimfiɗa sakamakon a tabarma ta ce, "Malam, matarka ba faɗuwa ta yi ba. Ta riga ta ajiye Turanci da Bayoloji, kuma ana haɗa sakamako biyu. Darussa uku suka rage mata, kada a bari na farkon ya tashi a banza." Ta kawo shawarar in rage zuwa cibiya ya koma kwana biyu a mako, sauran ranakun mu huɗu da ke unguwa ɗaya mu riƙa haɗuwa a zauren gidan ɗayarmu. A ganina wannan zuwa da ta yi shi ne ainihin aikin irin waɗannan shirye-shirye. Buɗe aji da ajiye allo abu ne mai sauƙi. Wanda ya taɓa barin makaranta ya riga ya san hanyar fita, kuma idan babu mai lura da ranar da kujerarsa ta zama wayam, zai sake bin ta.

Muka haɗa kuɗi mu huɗu muka ɗauki wata 'yar bautar ƙasa da ta karanta Kemistiri, tana zuwa Asabar da Lahadi awa bibbiyu. Ba ta bi littafi daga bango zuwa bango ba. Ta sa muka sayi kundin tambayoyin shekarun baya, muka riƙa amsa su da agogo a gaba, musamman tambayoyin da ke maye gurbin gwajin ɗakin kimiyya, har zana girafi ya zame mini jiki. Nakan tashi ƙarfe huɗu in yi lissafi goma kafin in ɗora man ƙosai. A wannan karon WAEC na yi wa rajista, zangon ƙarshen 2023. Ba a rajistar darussa uku kaɗai, sai an cike adadin da hukumar ta gindaya kuma a biya kuɗi cikakke, amma ƙarfina duka a kan ukun nan na zuba shi. Na tabbatar an rubuta sunana da ranar haihuwata daidai da yadda suke a sakamakon farko, har jerin sunayen. Da sakamako ya fito a farkon 2024 na kasa dubawa da kaina, maigidana ne ya karanta mini: Lissafi C5, Kemistiri C6, Fiziks C6. Hajiya ta sa aka dama fura aka raba wa maƙwabta sadaka.

Neman shiga kwaleji ya zo da nasa takardun. Na sayi fom ta intanet, na rubuta jarrabawar shiga, sannan aka kira mu tantancewa. An nemi sakamakon biyu tare da sababbin lambobin dubawa domin su tabbatar da kansu, da takardar firamare, da takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, wadda sai da na fara karɓo sa hannun mai unguwa da dagaci kafin sakatariya ta ba ni, da takardar NIN, da hotuna. Na haɗa da takardar kotu da shafin jarida, kuma an tambaye su. A gabana aka mayar da wata mata saboda ta haɗa sakamako uku, aka mayar da wani saurayi saboda shekarar haihuwarsa ta bambanta a takardu biyu. Ni da jami'in ya gama dubawa sai ya buga hatimi ya ce, "Malama, Allah ya sa albarka." Sunana ya fito a jerin farko.

Idan mace ko namiji ya tambaye ni yau, abin da nake fara cewa shi ne a fara daga ƙarshe. Kafin a taka ƙofar kowace cibiya, a je makarantar da ake burin shiga, ko wurin aikin da ake nema, a karɓo sharuɗɗansu a rubuce, domin su ne za su faɗi ajin da za a zauna da darussan da za a cike a fom. Wasu kwasa-kwasan a wasu jami'o'i, kamar aikin likita, zama ɗaya suke nema, don haka kada a ɗauka haɗa biyu yana yi a ko'ina. Bayan wannan a zube duk takardu a tabarma a gwada suna da ranar haihuwa, a gyara abin da ya saɓa tun ana saura watanni, musamman ga mai niyyar JAMB, wadda tun 2021 ba a yi mata rajista sai da NIN. A karɓi rasit a kan kowane kuɗi, a yi kwafin kowace takarda, a ɗauki hotonta a waya. Kuma a koyi taɓa kwamfuta ko da awa ɗaya ce a mako, tunda jarrabawar JAMB a kanta ake yi, WAEC ma ta fara yi wa masu zaman kansu haka a zangon farko na 2024.

Hanyar da na bi ba ita kaɗai ba ce. Maza masu kasuwa ko sana'a suna da azuzuwan yamma da na dare, wanda ya riga ya iya aikin hannu kamar wayarin ko kanikanci zai iya duba jarrabawar NABTEB, wanda kuma ya haɗa kiredit ɗinsa amma ba zai iya barin aiki ba akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, mai cibiyoyi a jihohi. 'Yan mata masu tasowa kuwa, waɗanda ba su daɗe da fita ba, iyayensu su tambaya game da shirin AGILE, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 aka fara da jihohi bakwai, ciki har da Kano da Katsina da Kaduna da Kebbi da Borno, domin riƙe 'yan mata a sakandare. Yarinyar da ta yi shekara ɗaya ko biyu a gida ta fi ni sauƙin komawa nesa ba kusa ba, tunda karatun bai gama bushewa a kanta ba.

A cikin mu tara na ajin kimiyya, huɗu ne muka haɗa kiredit ɗin da muke nema, biyu suna shirin zama na gaba, uku kuma sun tsaya: ɗaya mijinta ya sami canjin wurin aiki, ɗaya laulayin ciki ya kwantar da ita, ɗayar kuɗin mota ne ya gagara. Wannan ta ukun gidanta ba shi da nisa da namu. Na je wurinta makon jiya da kundin tambayoyina da na gama da shi, muka zauna da mijinta muka lissafa abin da kwana biyu a mako zai ci, muka kuma tarar akwai maƙwabciyar da za su riƙa raba kuɗin adaidaita sahu. Ranar Litinin bayan azahar zan raka ta wurin malama a mayar da sunanta cikin rajista.